Babi na Biyar: Ɗaki a Landan

Mu goma sha ɗaya na ƙirga a ƙofar gidan, ranar da na fara zuwa duba ɗakin haya a Landan. Ƙarshen watan Satumba ne na 2022, ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum sharkaf amma yana ratsa ƙashi. Akwai 'yan Indiya uku, da wata 'yar China rungume da fayil ɗin takardu, da wasu Turawa, sai ni. Babu mai yi wa wani magana, don kowa ya san na kusa da shi abokin takara ne. Dillalin ya iso da makullai a hannu, ya riƙa shigar da mu biyu-biyu, kowane rukuni minti biyar.

Ɗakin yana can saman bene. Gado ne na mutum ɗaya, da ɗan kabad, da teburin da littafi biyu suka ishe shi cika. Tagar tana kallon bangon maƙwabta. Abin da na fara dubawa shi ne inda zan shimfiɗa sallaya, sai na ga ba za ta shimfiɗu ba sai an ɗora kujera a kan gado. Kuɗinsa fam 850 a wata. Na ce ina so. Kafin in kai tashar bas saƙo ya shigo wayata cewa an ba wani, ya ƙara fam 50, kuma zai biya na wata shida a dunƙule.

A daren nan ina kwance kan kafet a falon wani ɗan garinmu, wanda ya ce in sauka kwana uku, ga shi an shiga na goma sha biyu, sai mahaifiyata ta kira.

"Ya masaukin? Ka samu wuri mai kyau?"

"Lafiya lau, Inna. Komai ya daidaita."

Ta yi hamdala, ta sa mini albarka, muka yi sallama. Na daɗe ina kallon rufin falon.

Wannan amsa da na ba ta, kusan duk ɗalibinmu da ya je ƙasar waje ya taɓa bayar da irinta, kuma ita ce dalilin rubuta wannan babi. Tsadar haya a Landan gaskiya ce, babu dabarar da za ta mai da ita araha. Amma a shekarun da na yi a can, abin da na ga yana kayar da 'yan uwanmu ya wuce tsadar kanta. Kunya ce. Kunyar tambaya, kunyar cewa ban gane ba, kunyar a ji kana zaune a bayan gari, kunyar gaya wa mutanen gida cewa kuɗi ba su isa ba. Da kunya aka raine mu, kuma ado ce a gaban iyaye da surukai. A gaban dillalin gida kuwa, mai kunya shi ke biyan kuɗin da ba a bin sa.

Lissafin da biza ba ta yi maka

A babin da ya gabata mun yi maganar biza. Lokacin da na nemi tawa, ƙa'idar ita ce ɗalibin da zai yi karatu a Landan ya nuna yana da fam 1,334 na kowane wata har wata tara, wanda zai zauna a wajenta kuma fam 1,023, kuɗin su kwana 28 a asusu ba a taɓa su ba. A Janairun 2025 aka ɗaga su zuwa fam 1,483 da fam 1,136. Da yawanmu mukan ɗauka cewa tunda gwamnatinsu ce ta yanka wannan adadi, to shi ne abin da rayuwa ke ci. Ba haka ba ne. Kuɗin buɗe ƙofa ne kawai. A ƙarshen 2023 matsakaicin kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a Landan ya kai wajen fam 1,000 a wata. Cire wannan daga 1,334, ka ga abin da ya rage na abinci da mota da waya da rigar sanyi. Sannan digiri na biyu wata goma sha biyu ne, mai gida kuma ba ya yafe ukun da biza ba ta ƙirga ba.

Sai wani ya ce, ai zan yi aiki. Za ka yi, amma da iyaka: awa 20 a mako lokacin zangon karatu. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21 fam 11.44 ne. Awa 20 ke nan fam 228.80 a mako, abin da bai cika fam 1,000 a wata ba. Wato ko ka samu aikin tun makon farko, ko ba ka taɓa fashi ba, guminka gaba ɗaya a bakin ɗaki zai ƙare. Wanda ya haura awa 20 ya sa bizarsa a caca. Tallafin haya da gwamnati ke ba talakawanta kuma, bizar ɗalibi ta haramta maka shi.

Ba haka kawai kasuwar ta yi zafi ba. Bayan annobar korona mutane sun dawo birni a lokaci guda. Babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 cikin ɗari a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, masu gidajen da suka saya da bashin banki suka juye nauyin a kan 'yan haya. Jami'o'i kuma, da yake tun 2017 aka daskarar da kuɗin makarantar 'yan ƙasa a fam 9,250 na shekaru masu yawa, sai suka buɗe ƙofa ga baƙi masu biyan ninki biyu ko uku, ba tare da sun gina gadajen da za su kwana ba. A shekarar karatu ta 2022/23 ɗaliban Najeriya kaɗai a Birtaniya sun haura dubu 70. Layin da na tsaya a ƙofar gidan nan, daga nan ya samo asali.

Abu uku za ka tambaya kafin ka ce kana son ɗaki. Na farko, kuɗin na mako ne ko na wata? Ɗakunan ɗalibai da yawa da mako ake tallarsu, kuma wata ba mako huɗu ba ne a lissafinsu. Ana ninka na mako sau 52 a raba gida 12. Fam 200 a mako ya zama kusan fam 867 a wata, ba 800 ba. Na biyu, wuta da gas da ruwa da intanet suna ciki? A hunturun 2022, da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi, na san gidajen da wannan tambaya ɗaya ta raba abokai. Na uku, harajin ƙaramar hukuma. Cikakken ɗalibi ba ya biya, amma sai ya karɓo takardar shaida daga jami'a ya miƙa. Idan akwai wanda ba ɗalibi ba a gidan, takardar biya za ta zo, don haka a san tun farko wa zai ɗauka.

Wa zai tsaya maka?

Mu da muka fito daga Kano ko Kaduna ko Abuja mun saba a ce kawo kuɗin shekara, wani lokaci ma na shekara biyu. A Ingila wata-wata ake biya, amma da sharaɗi: sai ka kawo garanto, wato mazaunin ƙasar mai albashi, wanda zai sa hannu cewa in ka gaza shi zai biya. Galibi ana so abin da yake samu a shekara ya ninka hayar shekarar wajen sau uku. Baƙon da ya sauka jiya ina zai samo wannan? Shi ya sa shekara da shekaru aka riƙa ce wa ɗaliban waje su zube na wata shida ko na shekara. A Oktoban 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya a Ingila, kuma cikin abin da ta tanada har da hana masu gidaje karɓar fiye da na wata ɗaya a gaba. Wannan sauƙi ne, amma yana nufin garanto ya ƙara daraja a idon mai gida.

Hanyoyin uku ne. Wasu jami'o'in suna tsaya wa ɗalibansu da kansu, kuma mutane da yawa ba su sani ba don ba su tambaya ba. Akwai kamfanonin da ke tsaya wa mutum a biya su lada. Sai kuma ɗan uwa ko ɗan gari. A nan ina roƙon mai karatu ya yi adalci. Wanda ka ce ya tsaya maka, wuyansa ka ce ya miƙa. Idan yarjejeniyar ta haɗaka ce, wadda duk 'yan gidan suka sa hannu a takarda ɗaya, doka na iya bin kowannenku bashin kowa, kuma garantonka na iya samun kansa yana biya wa wanda bai taɓa gani ba. In ya ce ba zai iya ba, kada ka ƙullace shi. In ya amince, kai masa takardar ya karanta da idonsa, kuma ranar da ka ga alamar za ka makara, shi ne mutum na farko da zai ji.

Zuwa da kai

Wani abokin karatuna Basakkwace ya biya fam 1,200 tun yana gida. Ya ga hotunan ɗaki a wani dandalin sada zumunta, fes-fes, kusa da makaranta, kuɗin kuma rabin na kasuwa. Mai tallar ya ce yana ƙasar waje wurin aiki, mutane sun yi masa yawa, wanda ya fara turo kuɗi shi ke da makulli. Abokina ya sauka a Heathrow da akwati biyu, ya hau jirgin ƙasa zuwa adireshin, ya ƙwanƙwasa. Wata tsohuwa ta buɗe. Shekara talatin tana gidan, ba ta taɓa ba da haya ba, kuma shi ne na uku da ya zo mata da akwati a wannan watan. Bai gaya wa kowa ba sai bayan wata huɗu. Da ya yi magana kafin ya tura kuɗin, da ɗayanmu ya hau bas ya duba masa a awa guda.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Kada kobo ya fita sai kai ko wanda ka yarda da shi ya shiga ɗakin da ƙafarsa. Idan jami'arka ta ba ka gurbi a ɗakin kwanan ɗalibai a shekarar farko, ko ya ɗan fi tsada, yi tunani sosai kafin ka ƙi, domin wuta da ruwa suna ciki, ba a yawan neman garanto, kuma ba za a gudu da kuɗinka ba. In babu, tanadi masaukin wucin gadi na mako biyu ka nema a tsanake a shafuka irin su SpareRoom da Rightmove da Zoopla. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma san abin da doka ta ce, don dillali na gane wanda bai sani ba tun daga gaisuwa. Tun watan Yunin 2019 an haramta wa dillalai a Ingila karɓar kuɗin fom ko na rubuta yarjejeniya daga ɗan haya. Kafin alƙalamin da ake bayarwa don a riƙe maka ɗaki ba zai wuce hayar mako ɗaya ba. Kuɗin ajiya, wanda ake riƙewa saboda ɓarna, ba zai wuce na mako biyar ba a irin gidajen da ɗalibi ke kamawa, kuma dole mai gida ya sa shi cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, ya ba ka shaida. Wanda ya ce ka kawo tsabar kuɗi babu rasit, ya gaya maka ko shi wane ne.

Nisa ba aibi ba ne

An kasa Landan shiyya-shiyya saboda kuɗin sufuri, ta ɗaya a tsakiya, sauran suna zagaye da ita kamar ɓawon albasa. Yawancin manyan jami'o'in suna shiyya ta ɗaya, inda ɗalibi mai cin gumin iyayensa ba shi da abin nema sai aji da laburare. Ni a Barking na ƙare, shiyya ta huɗu, gabashin birnin, a ɗakin fam 650 har da wuta da ruwa. Jirgi na kai ni tsakiyar gari cikin ƙasa da awa guda, kuma a cikinsa na karanta rabin abin da na karanta a shekarar farko. Unguwanni irin su East Ham da Ilford da Dagenham, ko Woolwich da Plumstead da Thamesmead a kudancin kogi, nan ne mutanenmu suka fi samun abin da aljihu zai ɗauka. Tun da aka buɗe layin jirgin Elizabeth a Mayun 2022, Woolwich ta matso kusa da tsakiyar gari ƙwarai, ko da yake haya ma ta biyo jirgin.

Sai dai araha ba ta ado, dole a haɗa lissafi. Ɗakin da ya fi sauƙi da fam 150 amma ya ƙara maka fam 120 na jirgi da awa biyu a hanya kullum, bai rage maka abin kirki ba. Nemi katin Oyster na ɗalibai, yana rage kashi 30 cikin ɗari a tikitin mako ko na wata. Bas ya fi jirgi sauƙi, kuma in ka sauya bas cikin awa guda ba a sake cajinka. Duba kuma abin da ke kusa da gidan: masallaci, mahauci mai naman halal, kasuwar da za ka sayi shinkafa da buhu da tattasai da kwano. Wanda ke iya zuwa kasuwar Ridley Road a Dalston ko titin Rye Lane a Peckham ya dafa da kansa, abin da yake kashewa a mako wani a kwana biyu yake cinye shi a shagunan tsakiyar gari.

Na san wanda ya kama ɗakin da ya fi ƙarfinsa a kusa da makaranta saboda kawai kada a ce ɗan wane yana zaune a bayan gari. Wata biyar ya yi, ya fita da bashi. Babu wanda zai tambaye ka unguwar da ka kwana ranar da ake miƙa maka takardar digiri.

Zo mu zauna

Mu biyar ne a gidan Barking: ni, da wani Bayarabe mai karatun lissafin kuɗi, da 'yan Pakistan biyu, da wani ɗan Ghana ma'aikacin jinya. Kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, firji ɗaya, kowa da layinsa a ciki. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma mun saɓa. Saɓanin farko a kan buta ne, don ina barin ruwa a ƙasan banɗaki bayan alwala, ɗan Ghana kuma ya dawo daga aikin dare ya taka da safa. Na biyu a kan hita, wa ya kunna, har ƙarfe nawa. Na uku ranar da na sa daddawa a miya ƙamshinta ya kama labule.

Abin da ya gyara zaman ba wani abu ba ne illa zama guda da muka yi a teburin kicin, da takarda da biro. Muka rubuta ranar sharar kowa, da awannin hita, da cewa baƙo ba ya wuce kwana uku sai an sanar, da tukwanen da ba a dafa naman alade a ciki. Na sayi tsumma na rataye kusa da buta. Daga baya muka fara karo-karo muna sayen buhun shinkafa da jarkar mai tare, ranar Lahadi kuma mutum ɗaya ya yi girkin kowa. Kuɗin abincina ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da muka ji nauyin faɗa wa juna wata biyu, a awa ɗaya ya warware.

Akwai kuma zama da mai gida a gidansa, ya ba ka ɗaki ɗaya. Yakan fi sauƙi, ba a cika neman garanto ba, wani lokaci ma ka dace da dattijuwar da za ta riƙe ka kamar ɗa. Amma ka sani kariyar doka a nan ba ta da ƙarfi: ba dole ba ne a sa kuɗin ajiyarka a hukumomin nan, kuma ana iya sallamarka da gajeren wa'adi. A rubuta komai, ko da a takarda ɗaya ce.

Ga ƙannena mata, magana ɗaya. Akwai gidajen mata zalla, kuma ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi na jami'o'i da masallatai suna taimakawa wajen haɗa ku. Kada ki je duba ɗaki ke kaɗai. Duk namijin da ya karya miki farashi fiye da hankali yana cewa za ku fahimci juna daga baya, ki bar masa ɗakinsa.

Haɗaka ma tana da iyaka. Na shiga gidan da mutum huɗu ke kwana a ɗaki ɗaya, masu aikin dare suna karɓar katifa daga masu aikin rana. Doka ta ce gidan da mutum biyar ko fiye, waɗanda ba iyali ɗaya ba, suke haɗa kicin ko banɗaki, sai da lasisin ƙaramar hukuma, kuma ɗakin babban mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 6.51. Ba don ƙawa aka yi dokar ba, don gobara aka yi ta. Wanda sunansa ba ya kan kowace takarda, ranar da rigima ta tashi kayansa a titi za su kwana.

Baƙin da ke kan bango

A watan Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu. Tagogi a rufe, wanki na bushewa a ɗaka, numfashi da tururin girki suna kwanciya a bango. A hunturuna na farko na ja kabad sai na ga bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Na goge na yi shiru, don kada mai gida ya ga kamar na cika ƙorafi. Tari ya kama ni mako shida. A lokacin ne labarin Awaab Ishak ya cika kafafen labarai, yaro ɗan shekara biyu, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, wanda ya rasu a Rochdale a Disamban 2020, bincike kuma ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Har doka aka yi da sunansa daga baya. Ranar da na karanta labarin na ɗauki hoton bangon na tura wa mai gida a rubuce. Cikin mako biyu aka gyara.

Darasin shi ne, a ƙasar nan abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne. Ranar da ka shiga ɗaki, ɗauki hoton kowane tabo da tsaga, ka tura wa mai gida don kwanan wata ya zauna. Nemi takardar shaidar duba gas, wadda ake sabuntawa duk shekara. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya, kai ta ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai a duba maka kyauta. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kan gidaje ba da ko sisi ba, UKCISA kuma kan abin da ya shafi ɗaliban waje. Matambayi ba ya ɓata.

Ranar wanka

A watan Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin hukuma, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara guda ya koma na wata huɗu, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na ga magidanta masu 'ya'ya suna kuka a harabar masallaci. Wasu ɗaliban jami'o'insu suka rufe musu shafin karatu saboda bashi, wasu suka koma gida babu takarda.

A wannan guguwa na lura da abu ɗaya. Waɗanda suka tsira ba su ne suka fi kuɗi ba, su ne suka yi magana da wuri. Wanda ya je ofishin kula da ɗalibai tun kafin wa'adi ya cika, sau da yawa an raba masa biya kashi-kashi, wani ya samu ɗan tallafin gaggawa. Wanda ya rubuta wa mai gida cewa kuɗi za su makara kwana goma, ga rabi yanzu, galibi an saurara masa, domin korar ɗan haya ta kotu ma tsada gare ta. Wanda ya kashe waya ya ɓuya, shi ne wasiƙu suka taru a ƙofarsa har abin ya fi ƙarfin gyara. Wasu 'yan uwa kuma suka farfaɗo da abin da muka gada, suka kafa adashi na mutum shida, kowa fam 100 a wata, wanda hayarsa ta fi matsowa shi ke fara kwasa.

Ni ma sai da na kira gida. Yayana ya ɗauka, na ce ya sa Inna a kusa. Na karanta musu lissafin kamar yadda yake a littafina: haya kaza, jirgi kaza, abinci kaza, abin da aiki ke kawowa kaza, giɓi kaza. Aka yi shiru. Sai Inna ta ce, "To me ya sa tun farko ba ka faɗa ba? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibiya." Yaya ya ce a dakatar da ginin da ake yi, a daina aiko mini da buƙatun dangi har in gama. Ashe duk wannan lokaci, saboda ina cewa komai lafiya, suna gaya wa masu neman taimako su kira ni. Shirun da na yi don in hutar da su, nauyi ya ƙara mana gaba ɗaya.

Wannan matsala ta girme mu. A 1925 ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, ƙarƙashin jagorancin Ladipo Solanke, suka kafa ƙungiyarsu ta WASU, kuma cikin manyan abin da ya dame su har da masauki, domin masu gidaje da yawa a wancan zamani ba sa ba baƙar fata ɗaki. Solanke ya dawo Afirka ta Yamma ya bi gari-gari yana neman gudummawa, a 1933 suka buɗe gidan saukar ɗalibai a titin Camden. Ba su jira birnin ya tausaya musu ba, kuma ba su ɓoye wa mutanen gida halin da suke ciki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko a Landan.

A Satumban shekarata ta uku wani yaro daga Zariya ya sauka a wurina, ɗan ƙanen wani malamina. Na nemi izinin 'yan gidanmu, na shimfiɗa masa katifa a ƙasa. Bayan kwana biyar na dawo na same shi a bakin gado, waya a hannu, ya gama magana da gida, idonsa ya yi ja. Na san abin da ya ce musu. Ban tambaye shi ya masauki ba. Na ɗauko littafi da biro na zauna kusa da shi.

"Ƙanena, nawa ke asusunka yau? Faɗa mini gaskiyar adadin."

Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Muka raba shi gida goma sha biyu, muka ga ɗakin da zai iya, muka ware unguwanni huɗu da za mu duba ranar Asabar. Da muka gama na miƙa masa wayarsa.

"Yanzu sake kiran Baba. Karanta masa abin da muka rubuta."